Babi na Shida: Bayan Ruwa Ya Janye

Ambaliyar Kaduna ba ta daɗewa. Ba irin ta Lokoja ba ce, ko ta kwarin Haɗeja, inda ruwa kan kwanta makonni har mutane su koma zirga-zirga a kwale-kwale. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Idan aka tafka ruwa can sama a watan Agusta ko Satumba, sai ya cika ya batse cikin dare, ya faɗa gidajen da ke bakinsa, bayan kwana biyu ko uku ya koma inda ya fito. Wanda ya zo garin bayan mako guda zai ga motoci na wucewa a kan gada, kasuwar Kakuri na ci, sai ya ɗauka komai ya wuce. Sai ya sauka daga kwalta ya shiga lungu sannan zai ga katifu a shanye kan katanga, da layin laka a jikin bango daidai ƙirjin mutum, da ɗakin da gefe ɗaya ya zauna.

Wannan saurin janyewa shi ne babban abin da ke cutar mutanen bakin kogi, domin hankalin masu taimako ma da shi yake janyewa.

Dattawan garin har yau suna ba da labarin ambaliyar Agustan 2003, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, wadda ta raba dubban mutane da muhallansu. Ta sake dawowa da ƙarfi a Satumbar 2012, lokacin marigayi Gwamna Patrick Yakowa, kuma tun daga nan da wuya a yi shekara biyu ko uku ba ta taɓa wata unguwa ba. Sunayen unguwannin ba sa canzawa. A arewacin kogi akwai ƙarshen titin Kigo, da Kabala, da Rafin Guza, da titin Bashama a Tudun Wada. A kudu akwai gangaren Barnawa, da Nasarawa, da Unguwar Romi da Gonin Gora, waɗanda rafin Romi ke ratsawa kafin ya zuba a babban kogi. Duk wani ma'aikacin hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha zai iya lissafa su ba tare da ya duba takarda ba. Masifar da aka san wurinta, aka san watanta, bai kamata a ce kullum tana zuwa wa masu agaji a ba-zata ba.

Kafin a yi maganar gidauniyoyi, ya kamata a san su wane ne ke zaune a wannan gangare, da abin da ya kai su. Kudancin Kaduna masaƙu ne suka gina shi. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, sai UNTL da Arewa Textiles da Nortex suka biyo baya. Aka kafa masana'antar kayan soja ta DICON a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai ta zo a 1980. Mutane suka kwararo daga kudancin jihar, daga Binuwai da Filato da ƙasar Igala, daga Kano da Katsina, suka sami Gbagyi 'yan ƙasa, aka cika Makera da Kakuri da Nasarawa da gidajen haya. Da masaƙun suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, ma'aikatan ba su koma ƙauye ba. Da yawa ma ba a biya su haƙƙoƙinsu na sallama ba. Suka zama 'yan acaɓa, masu gadi, masu buga bulo, masu ɗibar yashi a kogi, matansu suka kama suyar ƙosai da sayar da kayan miya. Wanda haya ta fi ƙarfinsa a kan tudu sai ya gangara inda ɗaki ke da araha, kuma ɗaki ba ya araha a Kaduna sai inda ruwa ke shiga. Saboda haka idan na ji jami'i a rediyo yana cewa mutanen nan taurin kai ne ya hana su tashi, raina yakan ɓaci. Ba wanda ke son ya kwana yana sauraron ƙarar kogi da 'ya'yansa a gefe.

A makon farko Kaduna ba ta rowa, wannan kam a yaba mata. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda ofishinta na shiyyar arewa maso yamma ke cikin garin, takan fito tare da ta jiha. 'Yan Red Cross su zo da rigunansu, 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanu su shiga kwashe mutane, Zumuntar Mata ta ɗora tukwane a harabar coci, 'yan siyasa da attajirai su aiko da buhunan shinkafa da masara, da katifu da barguna da gidan sauro. Ana buɗe azuzuwan firamare a zuba mutane. Wanda ya taɓa kwana a kan siminti da jariri ya san darajar katifa ɗaya, don haka ba zan raina wannan aiki ba.

Damuwar ita ce kowa abu ɗaya yake kawowa, a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya. Layin da mota ke iya shiga yakan sami rabo sau uku, na bayansa kuwa ko sau ɗaya. Kowace ƙungiya da takardar sunayenta: wannan ta karɓa daga mai unguwa, waccan daga limami ko fasto, wata daga kansila. Zuwa mako na uku hukumar makaranta ta fara neman azuzuwanta, a sallami mutane, kowa ya koma ɗakin da bangonsa bai gama bushewa ba.

Daga nan ne ainihin asarar take fara bayyana, kuma ba a kan katifa take ba. Rijiyar gidan ta haɗu da ruwan masai, yara sun fara amai da gudawa, kuɗin da ya rage ya tafi asibitin Gwamna Awan ko na St. Gerard. Matar da ke sayar da garin rogo da wake ta rasa buhunan da ta ɗauko bashi a kasuwa, ga zubin adashe yana jiranta ranar Asabar, uwar adashe kuwa ita ma ruwan bai ƙyale ta ba. Injin markaɗe ya sha laka. Mai lambu a fadama ya rasa masarar da saura kwanaki ya karya, da injin ban-ruwan da zai yi noman rani da shi. Takardun makaranta da na fili sun zama dusa. Yaron da aka ce ya ɗan zauna a gida zangon nan har a farfaɗo, sau da yawa zaman ke nan.

Sai ɗan haya, wanda a ganina shi ne marayan wannan lamari. In an zo ƙidayar asara, gida ake ƙirgawa, gida kuwa na mai shi ne. In an raba siminti da kwanon rufi, mai gida ake ba, wanda wataƙila yana zaune a Unguwar Rimi ko Abuja. Iyali takwas da ke cikin gidan, waɗanda suka biya hayar shekara tun watan Janairu, ba su da suna a takarda. In mai gidan ya gyara, yakan ƙara kuɗin haya don ya mai da abin da ya kashe. In bai gyara ba, su tashi ba tare da an mayar musu da ko sisi ba. Ta kowace hanya su ne a ƙasa. Kuma a unguwanni irin su Nasarawa da Kakuri, su ne suka fi yawa.

Ba gidauniya ɗaya da za ta iya ɗaukar wannan duka, kuma ba aikin wata uku ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin tambaya shi ne yadda hannuwan za su haɗu, su kuma daɗe a haɗe.

An gwada a matakin ƙasa. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A watan Oktoba Shugaba Goodluck Jonathan ya ware Naira biliyan 17.6, aka kasa jihohi rukuni huɗu, Kaduna ta faɗa rukuni na biyu mai Naira miliyan 400. Ya kuma kafa kwamitin tara gudummawa ƙarƙashin Alhaji Aliko Ɗangote da lauya Olisa Agbakoba. A liyafar da aka yi a Abuja cikin Nuwamba an yi alkawarin sama da Naira biliyan 11, Ɗangote shi kaɗai ya ɗauki biliyan 2.5. Wannan ya nuna cewa masu hannu da shuni a ƙasar nan za su iya zuba kuɗi a asusu ɗaya in an sami wanda suka amince da shi ya riƙe. Amma haɗuwa ce ta sama. Kuɗin sun haɗu a Abuja, a ƙasa kuwa babu wani tsayayyen zaure a Romi ko Nasarawa da zai ce ga mutanenmu, ga abin da kowa ya rasa, ga wanda ya samu, ga wanda bai samu ba. Abin da aka sake gani ke nan a Maiduguri bayan fashewar madatsar Alau a Satumbar 2024: biliyoyi suka shigo cikin kwanaki kaɗan, sannan aka shiga dogon aikin tantance wanda za a ba.

Kaduna tana da wata matsalar da ta keɓanta da ita, kuma ɓoye ta ba zai amfani kowa ba. Tun rikicin shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau na Nuwambar 2002, kogin ya zama iyaka. Musulmi da dama suka bar Unguwar Television da Sabon Tasha da Narayi suka haura arewa, Kirista suka bar Rigasa da Tudun Wada suka gangara kudu, har mutanen gari suka riƙa kiran ɓangarorin biyu Makka da Ƙudus. Sadaka kuwa a ƙasarmu ta masallaci da coci take bi, domin nan ne mutane suka yarda su ajiye kuɗinsu. Sakamakon haka agaji ma yakan bi wannan iyaka ba tare da kowa ya nufa ba. Musulmin da suka rage a kudu, a Kakuri Hausa da Makera da Nasarawa da wani sashe na Barnawa, da Kiristan da suka rage a arewa, su ne sukan faɗa tsakani. Ga shi kuma ruwan da ya shiga Kabala da daddare shi ne wanda ya shiga Barnawa. Bolar da aka zuba a magudanar wannan gefe tana toshe wa wancan. Aikin kogi ba ya yiwuwa rabi da rabi.

Garin bai rasa waɗanda suka iya ƙetare gada ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kafa cibiyarsu ta sasanci tun 1995, kuma da hannunsu a yarjejeniyar zaman lafiya da malaman addinan biyu suka sa wa hannu a Agustan 2002. Akwai majalisar matan addinai biyu da aka kafa a 2010. Sai dai an saba kiran waɗannan mutane idan an ji ƙamshin rikici. Ban ga dalilin da zai hana a kira su tun da rani, kafin damina ta kankama, su zauna da Jama'atu Nasril Islam da ƙungiyar Kiristoci ta CAN da Caritas ta Katolika da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a fitar da takardar sunaye guda ɗaya ba. Mutanen da suka yashe kwata tare, suka raba siminti da takarda ɗaya, sun sami wata sanayya da taron otal ba ya bayarwa.

Gwajin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa a daminar 2022 aka yi shi, shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasar. Asusun UNICEF da ƙungiyar Red Cross ta Najeriya da uwar ƙungiyar ta duniya, tare da hukumar agajin gaggawa ta jiha, da kuɗin Tarayyar Turai, suka zaɓi unguwanni shida na bakin Kogin Kaduna. Suka yi rajistar iyalai tun ruwa bai zo ba. Suka amince tun farko a kan ma'aunin hasashe: in alamun ruwa suka kai mataki kaza, a saki kuɗi ba sai an jira ganin gawa ko rusasshen gida ba. Da alamun suka nuna, iyalai kusan 5,000 suka karɓi Naira 35,000 kowanne. 'Yan shekaru kafin haka Christian Aid ta yi aikin gargaɗin ambaliya a jihohin Kaduna da Binuwai da Filato, ta horar da kwamitocin unguwa, don haka ba a kan fako aka fara ba.

Abin lura a nan ba yawan kuɗin ba ne, rabon aikin ne. Wani ya kawo kuɗi, wani ilimin hasashe, wani 'yan sa-kai da suka san kowane lungu, gwamnati ta kawo hurumi. Ba wanda ya yi aikin wani. Kuma iyali aka rubuta, ba gini ba, wanda ke nufin ɗan haya ma yana iya shiga lissafi. An kuma bar wa matar gida ta yanke abin da ya fi mata, ko abinci, ko magani, ko kuɗin motar kwashe kaya zuwa gidan 'yar'uwarta a Unguwar Sunday. Masu ba da taimako da yawa suna tsoron ba talaka kuɗi a hannu, wai zai ɓarnatar. Wadda ta riƙe gida da ribar ƙosai shekara ashirin ta fi kowane jami'i sanin inda Naira ɗaya za ta fi amfani.

Amma Naira 35,000 ba ta tayar da bango, ba ta mayar da jari, kuma gwaji ne mai wa'adi. Nan ne ya kamata gidauniyoyinmu na gida su karɓa, domin su ba baƙi ba ne da za a kira su koma. Gidauniyar Ɗangote tana nan tun 1994. Gidauniyar T.Y. Ɗanjuma tana ba ƙananan ƙungiyoyi tallafi tun 2009. Gidauniyar tunawa da Sardauna a cikin Kaduna take zaune. Ga kamfanonin da har yanzu ke aiki a Kakuri da Kudenda, waɗanda ma'aikatansu a waɗannan unguwanni suke kwana.

Wasu ƙasashe sun bi wannan hanya, kuma akwai abin ɗauka. Bayan igiyar ruwan tsunami ta Disambar 2004 ta hallaka mutum wajen 170,000 a lardin Aceh na Indunusiya, ɗaruruwan ƙungiyoyi suka sauka suna rige-rigen gina gidaje a ƙauyukan da suka fi sauƙin zuwa. Sai gwamnati ta kafa hukuma ɗaya mai wa'adin shekara huɗu, ƙarƙashin Kuntoro Mangkusubroto, wadda kowace ƙungiya sai ta rubuta aikinta a wurinta kafin ta fara, manyan masu ba da tallafi kuma suka zuba kuɗinsu a asusu guda. An gina gidaje wajen 140,000. Duk da haka, su ma da farko sun manta da 'yan haya da marasa fili, sai da aka yi ta ƙorafi sannan aka gyara tsarin ya haɗa da su. A birnin New Orleans na Amurka kuwa, bayan guguwar Katrina ta 2005, Gidauniyar Rockefeller ta ba da Dala miliyan 3.5, ba don barguna ba, sai don a tara mazauna unguwanni su fitar da tsari guda na sake gina birnin, wanda sauran masu kuɗi za su bi. Irin wannan kashe kuɗi ba shi da hoto mai kyau a jarida, shi ya sa ba a rububinsa.

Mu ma a nan abin da ya fi ƙaranci ke nan: mai biyan kuɗin aikin da ba a gani. Albashin mutum biyu da za su riƙe rajistar unguwa su sabunta ta kowace shekara. Ɗakin da kwamitin unguwa zai zauna. Lauyan da zai taimaka wa mutane su sake samun takardun fili, ko ya tsaya wa ɗan haya a mayar masa da ragowar kuɗinsa. Ƙaramin rance marar ruwa da za a zuba ta hannun ƙungiyoyin adashe na mata, tunda su sun riga sun san wadda ke biya da wadda ba ta biya. Wanke rijiyoyi da ɗaga bakinsu, da mayar da masai nesa da su. Attajiri ya fi son ya ga tirela ɗauke da buhuna da sunansa a jiki, ƙungiyar waje kuma kasafinta na wata goma sha biyu ne, dole ta kashe ta rubuta rahoto. Ba mugunta ba ce, tsarin ne ya zo da haka. Amma Musulmi suna da wakafi tun zamanin da Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, kuma Jihar Sakkwato ta nuna cewa hukumar zakka da wakafi tana iya aiki a wannan zamani. Coci-coci kuma sun daɗe suna riƙe asibitoci da makarantu shekara hamsin, sittin, ba tare da sun gaji ba. Dogon numfashi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Jerin shaguna goma a Barnawa ko Sabon Tasha, da aka tsayar da hayarsu don wannan aiki kaɗai, a ƙarƙashin amintattu daga ɓangarorin biyu da ke karanta lissafi a bainar jama'a kowace shekara, za su fi liyafar tara kuɗi ta dare ɗaya amfani.

Saura magana mafi nauyi, wato tashi. Akwai gidajen da gaskiya bai kamata a sake gina su ba, domin a cikin hanyar ruwa suke, kuma duk simintin da aka zuba musu kogi aka yi wa. Hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, takan shafa jan fenti, wani lokaci ta kawo katafila. Rusau ba tare da madadi ba yana mayar da mutum wani gangaren ne kawai, sau da yawa wanda ya fi na farko haɗari. Filin da za a ba shi kuma in ya yi nisa da kasuwar da matarsa ke kasa kaya da makarantar 'ya'yansa, zai sayar ya dawo. A nan gidauniya ba ta da iko ita kaɗai: fili da takardarsa na gwamnati ne, sanin wanda ya cancanta na masu unguwanni da hakimai ne da shugabannin addini, kuɗin gini da na hayar shekarar farko su ne rabon masu taimako. In ɗaya ya janye, sauran sun yi aikin banza.

Lokacin yin zaman da zai haɗa su kuwa sananne ne. Daga Nuwamba zuwa Afrilu kogin yakan ja baya har duwatsun cikinsa su fito, masu yashi su shiga da tifa, magudanai su bushe yadda za a iya yashe su da shebur. A cikin waɗannan watanni ne hukumar NiMet ke fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma ta fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa, kuma Chikun da Kaduna ta Kudu da Kaduna ta Arewa ba baƙi ba ne a irin wannan jeri. A watannin ne bulo ke bushewa da kyau, a watannin ne kuma kusan babu wata gidauniya da ke leƙa Romi ko Nasarawa. Hukumar agajin jiha ce ke da hurumin kiran taron, amma ba ta cika samun kuɗin abin da ya wuce rabon kaya ba. Gidauniya ɗaya tak da za ta ɗauki nauyin wannan zama na rani shekara biyar a jere, ta biya masu rajista, ta kuma yarda a rubuta sunan wasu tare da nata, ta isa ta sa sauran su zo.